Tsakanin Farm Centre, Zoo Road da Court Road: yadda ake tafiyar da ƙaramar sana'ar intanet a Tarauni

Ƙaramar sana'ar intanet ita ce wadda mutum ɗaya, ko mutum biyu zuwa uku, ke shirya bidiyo, sauti, hoto ko rubutu, su ɗora a YouTube, Facebook, TikTok, WhatsApp ko Telegram, su kuma nemi abinci da shi. A Kano ta ƙunshi masu barkwanci, masu sharhin siyasa, masu koyar da girki da ɗinki, marubuta littattafan da ake sayarwa babi-babi, da masu tallar atamfa da turare daga cikin ɗaki.

Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 221,367, ta haɗa kusurwoyi uku na wannan sana'a a tazarar da ba ta wuce hawan adaidaita sahu ɗaya ba. Akwai kasuwar waya ta Farm Centre, inda ake sayen wayar, makirufo da fitilar ɗaukar hoto, a kuma dawo gyara idan sikirin ya fashe. Akwai Zoo Road, da ta taso daga shataletalen Dangi, inda ofisoshin 'yan fim da ɗakunan naɗar waƙa suka daɗe. Sai Court Road a Gyadi-Gyadi, inda Babbar Kotun Tarayya take, kotun da doka ta ba hurumin shari'ar laifukan intanet da ta haƙƙin mallaka. Galibin masu shiga sana'ar sun san wuri na farko da na biyu. Na ukun ba ya cikin lissafinsu sai ranar da sammaci ya zo.

Abin da ya bambanta wannan sana'a da shago a Kantin Kwari shi ne mai ita ba ya mallakar komai daga cikin abubuwan da take tsaye a kai. Dandalin na kamfanin Amurka ne ko na Sin, layin na kamfanin sadarwa ne, wutar ta KEDCO ce, su kuwa mabiyan da ake taƙama da yawansu suna rubuce ne a rumbun kamfanin. Tsara aiki a nan yana nufin rage yawan hanyoyin da wani zai iya rufe wa mutum shago ba tare da ya yi masa sallama ba.

Daga ina kuɗin ke shigowa?

Tambayar da ya kamata a fara da ita ke nan, domin ita ke yanke irin bidiyon da za a yi da tsawonsa da ranar sakinsa.

YouTube ne ya fi kowa bayyana ƙa'idarsa. Kafin tasha ta fara samun kason talla, sai ta tara mabiya 1,000 tare da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12, ko kuma kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo a cikin kwana 90. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. Idan kowane mai kallo yana tsayawa minti huɗu, ana buƙatar kallo 60,000. Idan minti ɗaya yake yi ya wuce, sai an sami 240,000. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa finafinai masu dogon zango irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka zauna daram a YouTube bayan kasuwar faifai ta mutu: dogon shiri ne, mai fita a ranar da kowa ya sani, mai riƙe mutum har ƙarshe. Ƙaramin mai tasha ba shi da jarinsu, amma ranar fita tsayayya ba ta buƙatar jari.

Idan an shiga tsarin, mai tasha yana karɓar kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar dogon bidiyo, da kashi 45 na gajere. Kuɗin yana taruwa ne a AdSense. Da ya kai dala 10, Google zai aiko da lambar sirri a takarda ta gidan waya domin tabbatar da adireshi, kuma a nan ne da yawa ke maƙalewa, saboda adireshin da aka rubuta irin na "bayan masallacin Juma'a" ne. Ba a biya sai kuɗin ya kai dala 100, kuma ana turawa ne tsakanin 21 da 26 ga wata. Wanda ya tara dala 95 sai ya jira wata mai zuwa. Akwai kuma harajin Amurka: tun 2021 Google yake cire haraji daga abin da aka samu ta masu kallo a Amurka, kuma da yake babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, kashi 30 ake cirewa daga wannan ɓangare. Wanda bai cike takardar harajin ba kwata-kwata, ana iya cire masa har kashi 24 na dukkan abin da ya samu a duniya. Aikin minti goma ne, amma rashin yin sa yana cin kusan rubu'in kuɗin wata.

Kuɗin talla ba daidai yake a ko'ina ba. Mai talla yana biyan kuɗi gwargwadon ƙarfin aljihun mai kallo, don haka kallo dubu daga Kano ba ya kawo abin da kallo dubu daga Landan ko Jidda ke kawowa. Hausawan da ke Saudiyya, Turai da Amurka sun fi yawansu nauyi a lissafin tasha. Su kuwa masu shafin rubutu, matsalarsu ta fi haka: Hausa ba ta cikin jerin harsunan da AdSense ke amincewa da su a shafukan yanar gizo.

Facebook ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar kuɗin talla ne a tsakiyar 2024, bayan Nick Clegg na kamfanin Meta ya gana da Shugaba Bola Tinubu a Abuja a watan Maris na shekarar. TikTok kuwa, duk da shi ne ya fi tashe a tsakanin matasan Kano, tsarinsa na biyan masu bidiyo bisa yawan kallo bai haɗa da Najeriya ba. Abin da ake samu a can kyaututtukan shirin kai-tsaye ne da tallar da mutum ya nemo da kansa. Wannan ne ya haifar da zaman raba dare ana roƙon kyauta, da kuma neman suna ta kowace hanya, domin inda kallo ba ya biya, abin da ke jawo ido ne kaɗai jari.

Ga mafi yawan ƙananan masu sana'a a Tarauni, kuɗin da ake iya dogara da shi na gida ne: mai shagon waya a Farm Centre da ke son a nuna kayansa, mai gidan abinci a titin Maiduguri, makarantar kuɗi da ke neman ɗalibai kafin sabon zango, ko mai karatu da ke tura kuɗin littafi ta OPay ko Moniepoint a saka shi a zauren WhatsApp. Naira ce, ba dala ba, amma tana zuwa a ranar da aka yi alkawari, kuma ba ta jiran ta cika ɗari.

Wuta da data su ke tsara mako

Littattafan koyar da tsara lokaci da ake rubutawa a Turai da Amurka suna ɗauka cewa lokaci ne ya yi ƙaranci. A Gyadi-Gyadi lokaci yana nan. Caji ne babu. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya zama abin tunawa a gidaje da yawa. A Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, ya tashi zuwa naira 225 a kowane kilowat-awa, kafin a ɗan rage. A ƙarshen Oktoban 2024 Kano da yawancin Arewa sun kwashe sama da mako guda a duhu sakamakon lalacewar manyan layukan wuta. Sannan a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

Ma'anar wannan ga mai bidiyo a fili take. Waya tana cin megabait 60 zuwa 130 a kowane minti na hoto mai kyau, wato bidiyon minti goma zai iya haura gigabait ɗaya kafin a taɓa shi. Idan aka rage nauyinsa wajen fitarwa daga manhajar gyara zuwa ma'aunin da YouTube da kansa ya ba da shawara, zai dawo wajen megabait 600, kuma mai kallo a ƙaramar waya ba zai ga bambanci ba. Idan aka ɗora shi da datar dare, wadda kamfanoni ke sayarwa da rahusa, kuɗin ya sake raguwa. YouTube Studio da Meta Business Suite duk suna ba da damar a ɗora bidiyo da ƙarfe biyun dare a ce masa ya fito bayan sallar Isha'i ta ranar Juma'a. Kyauta ne, kuma shi ne abin da ya fi kowane kayan aiki amfani a garin da ba a san lokacin kawo wuta ba.

Daga nan tsarin mako yake fitowa da kansa. Rana ɗaya ta rubutu da neman bayani, wadda ba ta buƙatar komai sai biro da littafi. Rana ɗaya ta ɗauka, a ɗauki shiri uku ko huɗu a zama guda, da safe kafin rana ta yi zafi wayar ta fara gargaɗi, kafin kuma hayaniyar titin Zariya ta cika makirufo. Gyara kuma duk lokacin da wuta ta samu. Wanda ke da shiri biyu a ajiye yana iya jure mako guda na duhu, ko zazzaɓi, ko rasuwa a dangi, ba tare da tashar ta yi shiru ba. Wanda ke ɗauka yau ya saki yau, kowace matsala ta gari tasa ce. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bidiyon da aka riga aka ɗora aka sa wa lokaci ne kawai bai san an yi ba.

Shekara ma tana da nata tsari. Azumi yana sauya lokacin kallo zuwa bayan buɗa-baki da gabanin sahur, 'yan kasuwar kaya suna neman talla makonni kafin sallah ba ranar jajibiri ba, kuɗin tallar YouTube yakan hau a ƙarshen shekarar Turawa ya faɗo a Janairu. Mai sana'ar da ya rubuta waɗannan a kalanda tun farkon shekara yana zuwa wurin mai shago da tayin sallah tun watan Sha'aban.

Game da kayan aiki, magana kaɗan ta isa. CapCut ko InShot don gyara, Canva don hoton fuskar bidiyo, madannin Gboard mai haruffan ƙ, ɗ da ɓ, da gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta don ajiya. Idan kuɗi ya samu, makirufo ya riga kyamara, domin mutane suna haƙuri da hoto mai duhu amma ba sa haƙuri da sautin da ba a ji. Bayansa sai fawa banki ko ƙaramin sola. Sabuwar iPhone da aka ci bashi aka saya ba ta taɓa ƙara wa tasha minti ɗaya na kallo ba.

Littafin lissafi

Akwai kayan aiki guda da ba a tallarsa a Farm Centre: littafin shiga da fita. Ko na takarda ne ko Google Sheets, abin da ake rubutawa ɗaya ne: abin da aka kashe a data, caji, mota da ɗan wasa, abin da ya shigo da inda ya fito, wanda ake bi bashi da ranar da ya ce zai biya. Bayan wata uku littafin zai faɗi abin da yawan mabiya ba ya faɗa, wato ko sana'a ake yi ko sha'awa. Zai kuma nuna idan kashi mafi yawa na kuɗin daga hannu ɗaya yake fitowa.

Wannan batu na hannu ɗaya ya fi shafar masu sharhin siyasa. A Kano an daɗe da sanin sojojin baka a rediyo, kuma intanet ta haifi 'yan uwansu da ake biya da kuɗin data. Ba laifi ba ne mutum ya goyi bayan jam'iyya. Amma tashar da ɗan siyasa ɗaya ke ɗauke da ita tana da wa'adi irin nasa, kuma ranar da ya sauya sheƙa ko ya faɗi zaɓe, mai tashar zai tarar ya sayar da abin da ba ya sayuwa sau biyu, wato yardar masu kallo. Mai shagon atamfa ba zai ba da talla ga tashar da rabin abokan cinikinsa ke ɗauka ta abokan gaba ce ba.

Littafin yana da wani amfani yanzu. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a ranar 26 ga Yuni, 2025, mai aiki daga 1 ga Janairu, 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, sannan ta ɗora kashi 15 a kan naira miliyan 2.2 da ke biye, har zuwa kashi 25 ga manyan masu samu. Kuɗin YouTube da na talla duk samu ne a idon doka, kuma harajin mutum ɗaya na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ne. Wanda ba shi da rubutaccen abin da ya kashe ba shi da hujjar cewa ba duk abin da ya shigo asusunsa ne riba ba. Shi ya sa raba asusun sana'a da na cefane yake da muhimmanci, haka ma rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ga wanda ke aiki da sunan da ba nasa na yanka ba.

Wa ya mallaki tashar?

A ranar 30 ga Nuwamba, 2023, OkadaBooks ya rufe, dandalin da marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu a kai. Kafin nan gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wata bakwai cur. A duka biyun, wanda ke da lambobin wayar masu karatunsa ya ci gaba da ciniki, wanda ba shi da su ya koma farko. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, na Telegram har 200,000, amma su ma gidan haya ne. Jerin sunaye da lambobin waɗanda suka taɓa biyan kuɗi, a ajiye a wuri biyu kuma da yardarsu, shi ne kaɗai abin da mai sana'ar zai iya ɗauka ya tafi da shi.

Asarar da ta fi yawa ba daga kamfani take zuwa ba. Tasha tana rataye ne a kan imel, imel kuma a kan layin waya. Idan an buɗe imel ɗin a shagon wani, ko layin yana ɗauke da lambar NIN ta wani, ko an bar shi ya daɗe ba a amfani da shi har kamfani ya sayar wa wani, to tashar ba ta mai ita ba ce. Gobarar da ta tashi a kasuwar Farm Centre a lokacin babbar sallar Yunin 2025 ta tuna wa mutane cewa wayar da aka bari wurin gyara ma tana iya tafiya da duk abin da ke cikinta. Matakin tsaro na biyu, lambobin ko-ta-kwana da aka rubuta a takarda, da kwafin bidiyo a wani wuri daban, aikin yini ɗaya ne.

Sai haɗin gwiwa. Abokai uku sun fara barkwanci, ɗaya ya buɗe tashar da imel ɗinsa, ɗaya yana ɗauka, ɗaya shi ne fuskar da aka sani. Ba a maganar kaso sai dalar farko ta shigo, kuma a lokacin Google mutum ɗaya ya sani. Takarda ɗaya mai ɗauke da sunan mai tasha, kason kowa da abin da zai faru idan wani ya fita, da sa hannun shaidu biyu, ta fi sulhun da za a zo yi a gaban mai unguwa.

Dokokin da ke jiran mai bidiyo

A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, bisa ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. A Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, saboda sakin su ba tare da an kai mata ta duba ba. Gwamnatoci biyu ne na ɓangarorin da a lokacin suke hamayya da juna, amma saƙon ɗaya ne: kasancewar abu a intanet bai fitar da shi daga hannun hukumomin jiha ba.

A matakin tarayya akwai sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. An gyara shi a Fabrairun 2024, aka taƙaita shi ga saƙon batsa da kuma saƙon da mai shi ya san ƙarya ne ya aika don tada hargitsi ko jefa rai cikin haɗari, da hukuncin tara har naira miliyan 7 ko ɗauri har shekara 3. Gyaran bai hana a ci gaba da kama 'yan jarida da masu sharhi da sunan wannan doka ba, kuma sau da yawa kwanakin da ake yi a tsare kafin beli su ne hukuncin. Ga mai sharhin siyasa, ajiye hujjar kowace magana kafin a sake ta, takarda ce ko sauti ko hoton sanarwa, da sanin lauyan da za a kira, ɓangare ne na tsarin aiki kamar cajin waya.

Talla ma tana da mai ita. Dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON ta wajabta a kai kowace talla a duba kafin a sake ta, har da wadda ake yi a shafukan sada zumunta, kuma masu tallar maganin gargajiya da na ƙarin ƙiba, waɗanda suka fi kowa biyan ƙananan tashoshi, su ne suka fi kusa da matsala idan kayan ba su da rajistar NAFDAC. Haƙƙin mallaka kuwa ba ya jiran kotu. Na'urar YouTube tana gane waƙar wani a cikin daƙiƙoƙi ta karkatar da kuɗin bidiyon ga mai waƙar, idan kuma mai haƙƙi ya shigar da ƙorafi aka cire bidiyon, gargaɗi ne da ke ɗaukar kwana 90 kafin ya goge. Uku a lokaci guda suna rufe tasha da duk abin da ke cikinta. Mawaƙan Zoo Road da a da suke murna idan an sa waƙarsu a bidiyon biki, yanzu da yawansu sun ba kamfanonin rarraba waƙa amanar kayansu, kuma na'urar ba ta san cewa mai tashar da mawaƙin unguwarsu ɗaya ba. Izinin baki da aka karɓa a majalisa ba ya cire ƙorafin. Sai mawaƙin ya sa kamfaninsa ya janye shi a rubuce.